Kwalabe Goma Sha Biyu Daga Tarauni Zuwa Accra

Tun da na dawo daga Ghana ban huta da tambaya ba. A wurin aiki a tare ni, a hanyar islamiyya a tare ni, ranar Asabar kuwa a gidan bikin ƙanwar maigidana a Babban Giji sau huɗu ina ba da labarin, kowane karo sai na tsallake wani abu na dawo baya. Wasu ma Turkiyya suka ɗauka na je, don sun ji ina cewa Ankara, alhali haka Hausawan Ghana ke kiran Accra, ni kuma na dawo da kalmar a bakina. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, duk wadda ta sake tambaya in miƙa mata.

Ga waɗanda ba su san ni sosai ba, ni ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje ce a wata kwaleji a nan Kano, ina kuma karatun digiri na biyu. Bincikena a kan bakteriyar da ke mayar da madara kindirmo ne. Shekara biyu na yi ina bin matan Fulani masu tallan nono a bakin kasuwar Tarauni, ina sayen ludayi ɗaya a nan, ɗaya a can, har suka sa mini suna Mai Kwalba. Daga cikin nonon nan na ware iri goma sha biyu, kowanne a kwalbarsa.

Akwai gwajin da muke yi musu. Sukarin da ke cikin madara ba ya ciwuwa ga bakteriya sai ta fasa shi biyu, kuma sai mai wani sinadari na musamman ke iya fasa shi. In kana son ka san ko tana da sinadarin, sai ka ɗiga mata wani ruwa mai kama da ruwan famfo. In tana da shi, ruwan ya koma rawaya. Nawa duka goma sha biyun sun yi rawaya, wasu har kamar ruwan ɗorawa. Da wannan sakamakon na nemi wani horo na mako uku a wata cibiyar bincike a Accra, aka ɗauke ni, aka kuma yi mini alkawarin za a binciko ainihin sunan kowane iri da na'urorin da mu ba mu da su. Sharaɗin ɗaya ne, in kai su da rai.

A nan na yi abin da ya kusa ja mini. Akwai abincin gwangwani da ake shigo da shi don renon irin waɗannan bakteriya, amma mu ba kasafai yake zuwa mana ba. Duk shekarun nan a madarar gari nake renon nawa, in dama, in tafasa, in zuba. Da tafiya ta matso sai kunya ta kama ni. Na ce yaya zan shiga cikin manyan masana da kwalaben madara kamar mai tallan fura? Na roƙi wata ƙawata ta sam mini na gwangwanin, na juye su ciki kwana biyar kafin in tashi. Na ga sun yi ɓul-ɓul, na ji daɗi.

Jirgi bai yiwu ba, don ƙa'idar ɗaukar irin wannan kaya a jirgi ta fi ƙarfina. Abban Sadiya kuwa, maigidana, ya ce ba zan keta ƙasa huɗu a mota ni kaɗai ba. Allah ya kawo mafita ta hannun Maman Chidi, wata 'yar kabilar Ibo mai shagon atamfa a Unguwar Gano, wadda nake sayen kaya a wurinta tun ina amarya. A Kano aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasunmu, kuma duk bayan 'yan watanni tana zuwa Kwatano da Accra saro kaya. Da na gaya mata sai ta ce, "Maman Sadiya, ai hanyar nan ko ido rufe na san ta. Ke dai ki shirya fasfo da katin rigakafi."

Bayan sallar asuba muka tashi a ƙaramar mota mai ɗaukar mutum bakwai. Kwalaben suna cikin kular roba shuɗiya, kowacce a raminta a cikin soso, da ƙanƙara a gefe. Direba ya so ya cusa ta a but ɗin bayan mota tare da buhunan albasa, na ce sam. A cinyata ta zauna. Ba mu kai Kwanar Ɗangora ba wani dattijo da ke gefena, Alhaji mai fataucin goro, ya dubi kular ya ce, "Hajiya, in fura ce a ciki kar a manta da maƙwabta."

Ni da wauta, maimakon in yi dariya in wuce, sai na tsaya gaskiya. To Hausa kuma ba ta ba mu wata kalma ba sai guda ɗaya. Na ce, "A'a Alhaji, ƙwayoyin cuta ne."

Alhaji ya janye babbar rigarsa daga jikin kular. Wata mata a baya ta rufe hancin ɗanta da mayafi. Direba ya rage gudu yana kallona ta madubi.

Na ce, "Amma ba masu sa cuta ba ne."

Alhaji ya ce, "Ƙwayoyin cuta marasa cuta? Hajiya, ki dai sake magana."

Maman Chidi ce ta cece ni. Ta juyo daga kujerar gaba ta ce, "Baba, ka san ɗan tsohon nonon da Fulani ke zubawa a sabuwar madara don ta kwana ta yi kauri? To shi ne. Ita 'yar boko ce, ba ta iya magana ba." Kowa ya kwashe da dariya, har da ni. Kafin Zariya Alhaji ya ba ni goro, ya kuma ba ni labarin kindirmon garinsu da ya ce cokali na tsayawa a ciki. Maman Chidi kuwa ta ja mini kunne a wurin cin abinci: "Daga nan har Accra, duk wanda ya tambaya, ni zan amsa."

A Lokoja muka kwana, gidan wata 'yar'uwarta, don mun yi alkawari a gida ba za mu yi tafiyar dare ba. Da la'asar muka isa. Ina buɗe kular na ga ɓarna. Ƙanƙara ta narke tas, takardun da na liƙa wa kwalaben masu ɗauke da lambobi sun jiƙe, uku ma sun ɓalle suna yawo a ruwa. Da kwalaben sun motsa daga ramukansu da shi ke nan, ban san wace ce wace ba. Allah ya sa soson ya riƙe su a jere yadda na sa su. Maman Chidi ta zazzage jakarta ta fito da jan farce, muka zauna a tabarma ina ɗagowa ɗaya bayan ɗaya tana rubuta lamba a murfi. Gidan babu wuta ranar, sai muka bi layi muka sami wata mata mai sayar da ruwan leda mai ƙanƙara, muka cika kular da shi. Da haka muka yi ta yi har ƙarshen tafiyar, duk inda aka tsaya wasu na neman abinci, ni ina neman ruwan leda mai sanyi.

Legas ba zan ce komai a kanta ba, kwana ɗaya muka yi kuma ban ga komai ba sai bayan motar da ke gabanmu. Washegari muka shiga babbar mota mai bin gaɓar teku. Iyaka uku ake ƙetarewa a yini ɗaya. A kowacce sai kowa ya sauka, a bi layi, a buga hatimi, a duba katin rigakafi, a koma mota. Kana cikin jin Yarbanci sai ka ji Faransanci, kuɗin hannunka ya tashi daga naira ya koma sefa, kafin ka saba da sefa an ce sidi ake karɓa. Abin da ya ba ni mamaki, babu iyakar da ban ji Hausa ba. Masu canji, masu tsire, masu shayi, duk namu ne. A Kwatano 'yan acaɓa duk riga iri ɗaya suke sawa, rawaya, kuma mata na tuƙa babur da kaya a baya ba mai ko kallonsu. A Lome na fara ganin teku da idona, ta taga, kular na cinyata. Na yi ta tasbihi.

Iyaka biyun farko ba wanda ya kula da kular. A ta uku, ta shiga Ghana, wata jami'ar lafiya ta nuna ta da biro ta ce a buɗe. Maman Chidi ta fara bayaninta na nono, matar ta ɗaga hannu ta ce mai kayan take son ji. Na miƙa takardar gayyata da takardar izinin shiga da samfur. Ta karanta a tsanake, ta ɗago kwalba ɗaya ta duba lambar jan farcen, ta dube ni. Ta ce sai ta yi magana da wadda ta sa hannu a takardar. Aka buga waya ba a ɗauka ba. Aka sake bugawa. Fasinjoji suka koma mota, direba ya fara danna ham. Maman Chidi ta je ta tsaya a ƙofar motar, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, ta ce ba inda za a je sai da 'yar'uwarta. Kusan awa ɗaya muka yi a haka kafin a ɗauki wayar. Da matar ta gama magana sai ta buga hatimi, ta rufe kular da hannunta, ta ce mini da Hausa, "Sannu da haƙuri. Aiki ne." Ashe 'yar arewacin Ghana ce, duk abin da muke faɗa da Maman Chidi tana ji. Na tuna abin da na ce a kan taurin kanta, na rasa inda zan sa fuskata.

A Accra muka rabu da Maman Chidi, ta wuce kasuwa. Ni cibiyar ta sama mini ɗaki a unguwar Nima, gidan wata dattijuwa, Hajiya Fusaina, don na roƙi a sa ni kusa da masallaci. Tana ganina ta ce, "Ka zo lafiya? Ka gaji ko?" Na waiwaya in ga wane namiji ne ya biyo ni. Babu kowa. Hausarsu ba ta raba mace da namiji, kowa "ka" ne, kowa "ya" ne. Kwana biyu ina jin abin banbaraƙwai, a na uku na ji kaina ina ce wa jikarta "ka kawo mini buta".

Abinci ban sha wahala ba. Da safe koko da ƙosai kamar a Gyaɗi-Gyaɗi, sai dai kokonsu ya fi namu yaji. Da rana shinkafa da wake, amma da karan dafi suke dafa ta ta yi ja, a zuba taliya da garin kwaki da dafaffen ƙwai duk a kwano ɗaya, a kawo wani baƙin yaji mai kifi da suke kira shito. Ranar farko na ɗauka miya ce na zuba cokali biyu. Hajiya ta bar ni na gama hawayena sannan ta ce, "Kano ba ku cin yaji ne?" Akwai kuma wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye, shi kam har na taho ban saba da shi ba.

Abu biyu suka tsaya mini a rai game da mutanen. Na farko layi. A tashar mota kowa zai tsaya bayan wani, shiru, mota ta zo a shiga ɗaya bayan ɗaya. Na tuna yadda muke rububin adaidaita sahu a Kwanar Gyaɗi-Gyaɗi da yamma, na yi dariya ni kaɗai. Na biyu jana'iza. Asabar ɗin farko na wuce wani fili an kafa rumfuna, ana kiɗa, mata sun yi anko ja da baƙi suna rawa, ga hoton wani dattijo ƙato a ƙofa. Na ce wa wata mata a bakin hanya Allah ya sanya alheri. Da na ba Hajiya labari sai da ta riƙe ciki. Ta ce mutumin ya yi wata biyu da mutuwa, ranar ake binne shi. Na ce mu da ba ma bari gawa ta wuce azahar. Ta ce, "Mu ma nan zango haka ne. Su kuma nasu ke nan."

A cibiyar mu takwas ne, daga ƙasashe daban-daban. Shugabar horon, Dakta Akosua, mace ce 'yar gajera mai saurin tafiya, ba ta da yawan wasa amma ba ta wulaƙanta kowa. Ranar farko ta tambaye ni ranar da aka haife ni, na ce Juma'a, ta ce to sunana Afua. Na ce a gidanmu ma Jummai ake cewa. Ta karɓi kular, ta duba kwalaben, ta ce duk suna da rai in ban da ta bakwai da take shakka. Aka juye su a sabon abinci, irin na gwangwanin nan dai. Na ce a raina gara da na canza tun daga gida.

Ranar Alhamis aka ce in nuna wa 'yan aji gwajin rawayar, tunda shi ne tushen aikina. Na jera kwalabe, na ɗiga ruwan, na sa a akwatin ɗumi. A Kano kafin rabin awa launi ya fara fitowa. Rabin awa ta yi, na buɗe. Fari. Awa ɗaya, fari. Awa biyu, biyu daga ciki sun ɗan yi wani dishi-dishi da sai ka ɗaga su saitin taga za ka gani. Mutum bakwai na tsaye a bayana suna kallo. Dakta ta ce wataƙila ruwan gwajin ne ya lalace, a haɗa sabo gobe. Juma'a aka haɗa sabo, aka gwada shi a kan wata bakteriyarsu ta cibiyar, ya yi rawaya nan take. A kan nawa, fari.

Ta kira ni ofishinta ta rufe ƙofa. Ta ce, "Afua, abu uku ne. Ko wasu bakteriya sun shiga sun cinye naki a hanya, ko an sami kuskure a gwajinki na gida, ko akwai abin da ba mu gani ba tukuna. Ba na zarginki. Amma in har zuwa tsakiyar mako mai zuwa ba mu ga abin da kika rubuta ba, dole in sanar da malaminki, kuma ba zan iya sa su a na'ura da sunan abin da ba su nuna ba."

Na ce na gode, na fito. Ban san yadda na kai gida ba. Abin da ke cina ba zancen na'ura ba ne. Farfesan da ke duba aikina shi ya sa hannu ya ce ya yarda da sakamakona. In wasiƙa ta je masa cewa an gwada ba a gani ba, ko ba a ce na yi ƙarya ba, kowa zai fassara haka. Shekara biyu, da sunana, da nasa. Na fara ma shakkar kaina. Ko idona ne ya ga rawaya don ina son in gani?

Asabar da Lahadi ban iya cin abin kirki ba. Hajiya Fusaina ba ta fahimci komai a bayanina ba, amma ta zauna kusa da ni tana tsince wake. Ta ce, "Abin nan naka yana da rai?" Na ce yana da rai. Ta ce, "To in yana da rai ai baƙunta yake yi. Kai ma da ka zo kwana biyu ba ka magana." Na yi murmushin dole. Na kira Abban Sadiya, na yi niyyar ɓoye masa, muryata ta tona ni. Ya ce, "Kin yi ƙarya a aikin?" Na ce wallahi a'a. Ya ce, "To ki ci abinci."

Litinin na riga kowa zuwa. Mutum ɗaya na tarar, Mista Ofori, dattijon da ke haɗa abincin bakteriya da dafa kwalabe, wanda aka ce ya fi kowa daɗewa a cibiyar. A zangon Kumasi ya taso, yana jin Hausa. Ya gan ni zaune na zuba wa kwalabena ido. Ya ajiye tiren hannunsa ya ce, "Malama, a gida me kake ba su?"

Na ce, "Irin wannan dai."

"Kullum?"

Na sunkuyar da kai. Sannan na ce, "Baba, gaskiya madarar gari nake dama musu. Ba mu cika samun na gwangwani ba. Sai da zan taho na canza."

Na zaci zai yi mini kallon tausayi. Sai ya tafa hannu, ya juya ya ɗauko gwangwanin daga kan kanta, ya sa yatsa a jerin abubuwan da ke ciki ya ce in karanta. Na karanta. Gulukos, wani sukari daban da na madara.

Ya ce, "Sati biyu kana ba su gulukos, sannan ka ce su nuna maka wuƙar yanka sukarin madara. Me za su yi da ita? Sun ajiye."

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan sanyi. Na san wannan. Tun ina aji biyu a jami'a aka koya mana, na zana shi a jarrabawa, na ci. Amma a kaina abin littafi ne, na wata bakteriyar hanji da Turawa suka yi nazari. Ban taɓa kawo shi kusa da kwalaben da na cika da nonon Tarauni ba.

Da Dakta ta iso Mista Ofori ya ce in maimaita mata. Ta dafe goshi ta ce ita ma ya kamata ta tambaya tun farko. Ta soke darasin ranar ta tara mu gaban allo. Ta ce bakteriya ba ta ƙera duk abin da ta iya ƙerawa a lokaci ɗaya, don ƙira na cin ƙarfi. Umarnin haɗa sinadarin fasa sukarin madara yana nan rubuce a cikin ƙwayoyin halittar da ta gada, a jere da umarnin ƙofar da ke shigo da sukarin, amma akwai wani furotin da ke zaune a bakin wurin ya tare, ba a karantawa. In sukarin madara ya shigo sai ya kama furotin ɗin, ya sake, a fara karantawa. Wannan kulle na farko ke nan. Na biyu kuma gulukos ne. Shi ya fi sauƙin ci, don haka muddin yana nan, ko da an kawo sukarin madara, bakteriya na danne wancan umarnin sai ta gama da gulukos. Ta ce irin nawa makullinsu ya ɗan bambanta da na littafi, amma hikimar ɗaya ce.

Sannan ta juyo ta ce, "Wannan hasashe ne fa, Afua. Sai mun gani."

Muka raba kowane iri gida uku: gulukos zalla, sukarin madara zalla, sai kuma haɗin biyun. Aka bar su su kwana. Talata da hantsi na ɗiga ruwan gwajin, wani ɗan Burkina a cikinmu ya riƙe mini tiren. Na sa a akwatin ɗumi. Na ƙi kallon agogo, na je na tsaya a bakin famfo ina wanke kwalaben da an riga an wanke.

Mista Ofori ne ya buɗe. Ya ɗago tiren ya ajiye a gabana. Layin gulukos fari tas. Layin haɗin ya ɗan yi launi kaɗan. Layin sukarin madara kuwa rawaya, rawaya sosai, irin wadda na sani, kwalba bayan kwalba, da lambobinsu. Na zauna a kan kujerar ƙarfe na rufe fuska da hijabina. Ina jin 'yan aji na tafi. Abin da kawai nake iya faɗa shi ne alhamdu lillahi.

Ta bakwai ce kaɗai ba ta nuna komai ba a ko'ina. Ita da gaske ta mutu a hanya.

Sauran kwanakin sun wuce kamar ba a yi su ba. Mun bi girman waɗanda ke cikin haɗin sukari biyu awa bayan awa, muka ga abin da ban taɓa gani da idona ba: su yi ta ƙaruwa, sai su tsaya cak na ɗan lokaci kamar sun mutu, sannan su ci gaba. Tsayawar nan ita ce lokacin da gulukos ya ƙare suke buɗe ɗaya umarnin. Dakta ta ce in rubuta yadda nake dama madarata dalla-dalla a cikin rahoto, kar in sake in ɓoye. Aka sa goma sha ɗayan a na'ura, aka fito da sunayensu, aka ajiye wani kaso a firizarsu mai tsananin sanyi. Hajiya Fusaina ta haɗo ni da kwalbar shito da saƙon gaisuwa ga mutanen Kano gaba ɗaya. Dawowa a jirgi na yi, tunda babu abin da zan riƙe.

Kwana biyu da sauka na je wurin Farfesa. Mutum ne da ba ya yabo, in ya ce "to" ka gode Allah. Na ajiye masa takardar sunayen a tebur, na ba shi labarin gulukos ɗin da bakina, ban rage komai ba, har da dalilin da ya sa na canza abincin. Ya daɗe yana karantawa. Ya cire tabarau ya ce, "Na ga goma sha ɗaya. Ta bakwai fa?"

Na ce, "Ta mutu a hanya, Farfesa."

Ko murmushi bai yi ba ya ce, "Allah ya ba ki haƙurin rashi." Ya mayar da tabarau, ya turo mini takardar. "Sauran sun ishe ki digiri. Je ki rubuta."

Na fito na zauna a benci ƙarƙashin darbejiyar da ke gaban ofishin. Ban kira kowa ba. Na daɗe a wurin ina kallon ɗalibai na wucewa, sai can na ji wata irin yunwa da rabona da ita tun kafin in bar Kano. Na tashi na tafi neman mai gurasa.